Malami, manhaja ko kunne: ina mai koyon jita zai sa kuɗinsa?

Ƙwarewa a kiɗan jita tana buƙatar kunnen da ke gane sauti da yatsun da ke fitar da shi tsaf, kuma kowannensu akwai abin da ake sayarwa dominsa, sai dai ba duka ne suka cancanci kuɗin mai koyo ba.

A fara da jitar kanta. Mai tsirkiyar nailan, irin Yamaha C40, ba ta cin yatsa, amma wuyanta yana da faɗi. Mai tsirkiyar ƙarfe, irin Yamaha F310, ta fi amo, ko da yake yatsu za su sha zafi kafin su yi kanta. Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuya, domin idan ta yi yawa, mai koyo zai saba da matsa fiye da kima, kuma wannan sabo yana da wuyar bari. Mai sayen ta hannu ya duba wuyan da kyau, saboda bushewar hunturu tana lanƙwasa katako.

Wajen horar da yatsu, a ganina babu kamar malami, ko da zama ɗaya ne a wata. Manhajar Yousician, ta wani kamfanin Finland, tana sauraren abin da aka kaɗa ta faɗi ko sautin ya yi daidai, amma ba ta ganin inda babban yatsa ya zauna ko yadda wuyan hannu ya karkace, ga kuɗin rajista da ake sabuntawa. Darussan shafin JustinGuitar kyauta ne kuma a tsare suke daki-daki, don haka su ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya fara gwadawa, ya haɗa da manhajar ƙidayar bugu a waya, ya soma daga bugu 60 a minti.

Kunne kuwa shi ya fi araha. Manhajar Functional Ear Trainer tana koyar da gane matsayin kowane sauti a cikin jerinsa, manhajar EarMaster kuma ta fi dacewa da mai son karanta rubutaccen kiɗa. Duk da haka, babban horo shi ne ɗauko kiɗa daga faifai da kunne kaɗai, kamar yadda makaɗan Buzaye na Nijar, irin su Bombino ɗan Agadas, suka taso suna kwaikwayon abin da suke ji da gani. Kiɗansu yawanci a kan sautuka biyar yake tafiya, wanda ya sa yake da sauƙin kamawa ga sabon hannu. A zaɓi gajeren yanki, a rage saurinsa a YouTube, a rera shi da baki har ya zauna, sannan a neme shi a kan tsirkiya ɗaya kafin a ƙetara zuwa sauran.