Ahlan Simsim: shirin da ba ya gaggawar share wa yaro hawaye

Na fara kunna wa yaran gidanmu shirin Ahlan Simsim a YouTube ne saboda wata 'yar ƙanwata mai shekara biyar da aka dawo da ita wurinmu bayan iyayenta sun bar ƙauyensu saboda rashin tsaro, kuma ta shafe makonni tana zama a bakin ƙofa ba ta shiga wasan sauran yara. Mu manya mun yi mata abin da muka saba, wato rarrashi da alewa da "yi haƙuri, ki daina kuka", amma babu wanda ya tambaye ta abin da take ji.

Shirin na Larabci ne, ƙungiyar Sesame Workshop ta Amurka ce ta samar da shi tare da ƙungiyar agaji ta International Rescue Committee, da tallafin dala miliyan 100 da gidauniyar MacArthur ta bayar a 2017. An fara nuna shi a 2020 domin yaran Siriya, Iraƙi, Jodan da Labanan, musamman waɗanda yaƙin Siriya ya raba da gidajensu. Taurarinsa 'yan tsana ne: Basma, yarinya mai fara'a wadda 'yar unguwa ce, da Jad, yaron da bai daɗe da zuwa ba, sai wata 'yar akuya mai suna Ma'zooza da ke bin su tana ba yara dariya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka gina Jad. Ba a nuna yaƙi, ba a ambaci bindiga, amma an bar shi ya faɗa da bakinsa cewa ya baro abin wasansa a tsohon gidansu. Rashi ne daidai da zuciyar yaro, domin ɗan shekara biyar bai san ma'anar gudun hijira ba, amma ya san zafin rabuwa da 'yar tsanarsa da inuwar da ya saba wasa a ƙarƙashinta. Idan ɓacin rai ya zo, ana tsayawa a kira ɓacin ran da sunansa, a nuna yadda yake bayyana a fuska da jiki, sannan a koya wa yaro abin da zai yi: ya ja numfashi har cikinsa ya taso, ko ya ƙirga zuwa biyar, ko ya zana abin da ke damunsa, ko ya nemi babba. Basma kuwa ba ta ce wa abokinta ya manta, tana lura da shi ne ta tsaya kusa, kuma a ganina wannan ne darasin abota da ya fi amfani, domin yara suna kwaikwayon abin da suka gani fiye da abin da aka umarce su.

Matsalar da Bahaushe zai fuskanta ita ce harshe. Larabcin shirin ya karkata ga na yau da kullum na yankin, ba wanda muka koya a Islamiyya ba, don haka ko ni da na ɗan yi karatun Larabci sai na riƙa dogaro da fuskokin 'yan tsanar kafin in fassara wa yara. Ga kuɗin data, wanda ya sa nake sauke bidiyon da dare. Ba shiri ba ne da za a miƙa wa yaro waya a tafi kicin. Sai babba ya zauna yana fassarawa, yana tambaya.

Wannan zaman ne ya yi mana rana. Wata rana bayan na bayyana musu abin da ke damun Jad, yarinyar ta ce ita ma ta baro akuyarta, kuma ba ta san wanda ke ba ta dusa ba. Shi ne karo na farko da ta yi maganar gida. Ɗana, wanda ya girme ta da shekara ɗaya, ya ɗauko takarda ya ce ta faɗa masa launin akuyar ya zana mata, ta ce ja ce mai farin goshi, kuma takardar tana nan manne a bangon ɗakinsu.