Yawon buɗe ido zuwa fadar Chepstow: mai bayanin ce ta ci kuɗinta, motar kam sai a hankali

Ga 'yan uwa ɗalibai da ke wajen Bristol ko Cardiff masu tambaya ko tafiyar nan ta yini ɗaya da wani ƙaramin kamfani ke shiryawa zuwa Chepstow ta cancanci kuɗinta, amsata ita ce eh ta cancanta, amma fa saboda matar da ke yin bayanin ne ba don hidimar kamfanin ba.

Wurin dai tsohuwar fada ce mai ganuwar dutse a kan tsauni a bakin kogin Wye, ɓangaren Wales, tun 1067 aka fara gina ta. In kai kaɗai ka je katanga kawai za ka gani ka ɗau hoto ka fito. Ita kuwa baiwar Allahn nan, dattijuwa ce mai dogara sanda, sai ta ɗauko mutum ɗaya ta ɗora duk yawon a kansa, wai shi William Marshal, wanda ya mallaki fadar daga 1189.

Abin da ya fi kama ni shi ne mutumin nan ba ɗan fari ba ne, yana da yayye maza a gabansa, kuma a tsarin manyan Ingila na zamanin babban ɗa ke kwashe ƙasa da gida, ƙanne kuwa kowa tasa ta fisshe shi, ko ya shiga coci ko ya bi wani ubangida da takobi. Mu da muka saba a zauna a kasa gado kowa ya ɗau rabonsa sai abin ya zo mana banbaraƙwai. To a 1152 yana ɗan shekara biyar ko shida ubansa John ya miƙa shi jingina ga Sarki Stephen da ya yi masa ƙawanya a Newbury, uban ya zo kuma ya karya alkawarin da ya yi wa sarkin, aka aika masa cewa za a rataye yaron, uban ya ce a rataye mana, ai yana da masaba da uwar maƙera da zai ƙero waɗanda suka fi shi. Uba fa! Matar ta ce daga tarihin da iyalin William suka sa aka rubuta bayan mutuwarsa labarin ya fito, don haka wataƙila an ƙara gishiri, kuma na ji daɗin wannan gaskiyar tata. Sarkin ne dai ya tausaya ya ƙyale yaron.

Daga nan dangin uwa ne suka riƙe shi. Gidan wani ɗan uwan mahaifiyarsa a Normandy aka tura shi ya koyi hawa da faɗa, sannan ya koma bayan kawunsa Patrick na Salisbury, a 1168 aka yi musu kwanton ɓauna a Faransa suna rakiyar Sarauniya Eleanor ta Ingila, aka kashe kawun shi kuma aka kama shi da rauni a cinya, sarauniyar ce ta biya kuɗin fansarsa. Shekara da shekaru ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa, da gasar barade yake ci, ka kayar da mutum ka karɓe dokinsa da sulkensa ya fanshi kansa. Sai da ya haura arba'in aka aura masa Isabel de Clare, yarinya 'yar wajen 17 wadda ta gaji Chepstow da ƙasar Leinster a Ailan, kuma wanda ya tabbatar da auren Sarki Richard ne, wanda 'yan makonni kafin nan William ya soke masa doki a fagen fama lokacin da Richard ɗin yake yi wa ubansa tawaye. Wallahi a nan har wani ɗan Pakistan da ke gefena sai da ya ce ta maimaita.

Ta kai mu gaban tsofaffin ƙyamaren katako na ƙofar fadar, an ciro su an ajiye a ciki, na bakin ƙofa kwaikwayo ne. Katakon ya yi baƙi ƙirin, ga ƙusoshi jere, ta bayansa an giggitta sanduna, binciken itacen ya nuna tun zamanin William ne, wajen 1190. Ta tsaya nan ta lissafa mana 'ya'yansa goma, maza biyar mata biyar, mazan duk suka mutu babu magaji, zuwa 1245 dukiyar ta watsu gidajen 'ya'yan matan. Shi kansa ya yi riƙon ƙasar Ingila a 1216 don sabon sarki Henry ɗan shekara tara ne, ya rasu 1219, kabarinsa na cocin Temple a Landan.

Yanzu ɓangaren ƙorafi. Motar ta makara da safe ba wanda ya ce mana uffan, hita ba ta aiki, sannan lokacin da aka ɓata daga na cikin fadar aka zabge shi, har matar ta riƙa sauri a ƙarshe tana ba mu haƙuri alhali ba laifinta ba ne. Abincin rana da suka ce yana cikin kuɗi sanwici ne, yawanci da naman alade a ciki, duk da na rubuta musu tun wajen biya, da cuku da tuffa na wuni. Ka taho da guzurinka kawai. Ba su ware lokacin salla ba, sai da na roƙi direba minti goma. Matakalan hasumiyar kuma ƙunci gare su ga santsi in an yi yayyafi, mai ciwon gwiwa ya tsaya ƙasa, ka sa takalmi mai kama ƙasa da rigar sanyi mai kauri don iskar kogin nan ba ta wasa. Kafin ka biya ka kira su ka tambaya ko dattijuwar ce za ta yi bayani ranar, in ba ita ba ce gara ka hau jirgin ƙasa ka je da kanka, tashar ba ta da nisa da fadar.