Bukkar makiyaya ta fi tanti a gaɓar Konwal

Mai niyyar kai iyali hutu gaɓar Konwal, can kudu maso yammacin Ingila, ya fara tunanin iska kafin ya yi tunanin kuɗin masauki. Manoma da yawa a yankin sun mai da gefen gonakinsu wurin saukar baƙi, inda za ka kwana a fili amma kan gado, ga murhu, ga lantarki. Mun gwada iri biyu a kusa da garin Niyuki.

Na farko farin tanti ne mai sanda ɗaya a tsakiya. Da rana ba shi da makusa, ga faɗi, ga darduma, yara suna ta birgima. Da dare ya raba kuwa iskar tekun Atilantika ta taso, tamfol ya yi ta kaɗawa, igiyoyi suna jan turaku, barci ya gagara. Da safe bargo ya yi danshi. Abin da ya fi damuna shi ne banɗaki yana can ƙarshen gona. A watan Yuni asuba takan yi tun wajen ƙarfe uku, sai ka ɗauki buta da tocila ka ratsa jiƙaƙƙiyar ciyawa cikin sanyi don ka yi alwala.

Sai muka koma bukkar makiyaya, ɗan ɗakin katako mai ƙafafun ƙarfe da rufin kwano mai lanƙwasa. Irinta makiyayan Ingila suke ja zuwa saura a ƙarni na 19 lokacin haihuwar tumaki. Ƙarama ce, shimfiɗa sallaya ma sai an matsar da kujera, amma bangonta yana tare iska, ga banɗaki a ciki, kuma itace kaɗan a murhu ya ishe ta ɗumi har safe. Maiɗakina ta dafa shayi tana hango igiyar ruwa ta taga. Kuɗinta ya fi na tanti, kuma wallahi ta cancanta.

Mun leƙa tantin Mongoliya mai da'ira, wanda ke da bangon saƙaƙƙen katako da rufi mai kauri. Shi zan ba babban iyali shawara, don bukkar ba ta ɗaukar mutum biyar.

Kafin ka biya, ka tambayi mai wurin ko akwai shinge ko tudu tsakanin masaukin da teku, da kuma nisansa da Hanyar Gaɓar Kudu maso Yamma, hanyar ƙafa mai mil 630 da ta bi gaɓar Konwal da yankunan da ke maƙwabtaka da ita. Daga bukkarmu muna hawanta ba tare da mun taɓa mota ba.