Sharhi kan farin yadin nailan da na saya don tausasa hasken rana

Wata huɗu ke nan da na sayi farin yadin nailan ɗin nan mai ƙananan gidajen dara a jikinsa, wanda ake tallata wa masu ɗaukar hoto da sunan yadin tausasa haske, kuma sai yanzu zuciyata ta kwanta har na ga zan iya rubuta ra'ayina a kansa ba tare da fushi ya rinjayi adalci ba. Sana'ata a nan Jidda ita ce ɗaukar hoton kayan sayarwa, kamar abaya, leshi, mayafai, turaruka da 'yan kunne, na iyayenmu mata 'yan kasuwa waɗanda suke tallar kayansu ta WhatsApp da Instagram ga masu saye a Kano, Maiduguri da Yamai. Ba ni da ɗakin hoto na musamman. A saman benen gidanmu da ke unguwar Sabil nake aiki, da hasken rana, tun daga hantsi har zuwa kusan azahar.

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa baƙar abaya a ƙarƙashin ranar Jidda ya san matsalar. Rana duk girmanta, nisan kusan kilomita miliyan 150 da ke tsakaninmu da ita ya sa faɗinta a sararin sama kusan rabin digiri ne kawai, don haka a idon kyamara ƙaramar fitila ce mai tsananin ƙarfi, wadda take haifar da inuwa mai kaifi kamar an yanka da reza. Duwatsun adon abaya sai su ƙone su zama fararen ɗigo, ninkin yadin kuma ya zama baƙin rami da ba a ganin komai a cikinsa. Maganin abin shi ne a sa wani farin shamaki tsakanin rana da kaya, domin shamakin ya zama shi ne sabuwar fitilar, mai faɗi kuma kusa da kayan. Wannan shi ne abin da masu sana'a suke kira sikirim. Na haɗa nawa firam ɗin da bututun PVC mai inci ɗaya da na saya wurin mai kayan famfo, tsawon mita biyu, faɗin mita ɗaya da rabi, wanda ya yi daidai da faɗin yadin, telan unguwarmu kuma ya yi masa kalmasa ya sa masa roba a kusurwoyi huɗu.

A makon farko na yaba masa ƙwarai, kuma ba zan janye wannan yabon ba. Ba shi da nauyi, yana ninkuwa ya shiga aljihun jakar kyamara, kuma saƙar nan tasa mai gidajen dara tana hana yagewa ta yi tafiya idan wani abu ya huda shi. Da na auna da kyamara sai na ga yana cin kusan rabin hasken da ke faɗa masa, abin da bai dame ni ba ko kaɗan, tunda rana ba ita muke rashi ba a garin nan. Baƙaƙen abayoyi guda talatin na ɗauka a ƙarƙashinsa, suka fito lumui, ana ganin kowane zare na surfani.

Abin da ya ɓata komai ya faru ne a tsakiyar Sha'aban. Wata Hajiya da na shafe shekara uku ina yi wa aiki, wadda take ɗaukata tamkar ɗan da ta haifa, ta kawo mini leshi kala takwas da ta sara a kasuwar Bab Sharif, a cikinsu akwai wani mai ruwan madara da ratsin gwal wanda ta fi sa rai da shi saboda bukukuwan bayan Salla. Ta ce mini sauri take yi, domin akwai mai jiran hoto a Kano. Na kafa sikirim ɗin, na sa ma'aunin launin kyamara a kan hasken rana kamar yadda na saba, na ɗauka, na duba a ƙaramin gilashin kyamarar cikin ƙyallin rana na ga komai ya yi tas, na tura mata a daren. Ba zan ɓoye nawa laifin ba: ban sa katin toka, wanda ake daidaita launin hoto da shi, a gefen kayan ba, ban kuma ɗauka da tsarin RAW, wanda yake ba da damar gyara launi sosai daga baya, ba, abubuwa biyu da na san muhimmancinsu. Amma ban taɓa fuskantar irin wannan da tsohon zanin gadon da nake amfani da shi a da ba, shi ya sa hankalina bai kai wurin ba.

Bayan kusan mako uku sai ga kiranta da sassafe. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Ɗana, wane launi ka ɗaukar mini a leshin nan?" Na ce, "Hajiya, mai ruwan madarar nan ne, ko akwai matsala?" Ta ce matar da ta saya ta ga hoton ne ta ɗauka fari ne mai ratsin azurfa, ta yi odar na mutum goma sha biyu don ankon bikin 'yarta, kaya sun isa Kano ta kago, an buɗe an ga ruwan madara da gwal, kuma yanzu ana cewa Hajiya ta nuna wani abu ta aika wani. Muryarta tana rawa ta ce, "Shekara ashirin ina wannan kasuwanci, ba a taɓa ce mini maha'inciya ba sai yau." Wallahi wannan kalmar ta fi mini ciwo fiye da duk asarar kuɗin da ta biyo baya. Wadda take sayar da kaya ga mutanen da ba su taɓa ganin fuskarta ba, amana ce kaɗai jarinta, kuma hoton da na ɗauka ne ya taɓa wannan jarin.

Na buɗe hotunan a kwamfuta na ajiye ragowar leshin a gefe, sai na ga gaskiyar matar Kano. Wani shuɗi-shuɗi mai sanyi ya lulluɓe saman kayan, ya kashe ɗumin ruwan madarar, ya mayar da gwal ɗin kamar tsohuwar azurfa. Na fara zargin kyamara, daga baya na zargi gilashin kwamfutar. Wanda ya warware mini abin shi ne dattijon telan da ya ɗinka kalmasar. Ya ɗaga yadin ya kalli rana ta cikinsa, ya kara shi da farar takarda, sannan ya ce, "Malam, ai wannan ya sha bula tun daga masaƙa. Farinsa ya yi yawa, ba farin Allah ba ne." Da yamma na tafi da yadin Balad, tsohon garin Jidda, wurin wani abokina mai canji, muka haska shi da ƙaramar fitilar nan da suke duba takardun kuɗi da ita, sai ga yadin ya kama walƙiya shuɗi shar kamar an kunna masa wuta daga ciki.

Abin da dattijon ya kira bula wani sinadari ne da masaƙu suke sa wa fararen yadudduka domin su ƙara haske a ido. Yana tsotsar hasken UV wanda idon ɗan Adam ba ya gani, ya mayar da shi shuɗin haske da ake gani. Wannan ƙarin shuɗin ne yake rufe rawaya-rawayar da yadi yake da ita, sai ido ya ga fari fat. A jikin jallabiya abin so ne. A jikin sikirim kuwa, wanda aikinsa ya tsaya kai-tsaye a gaban rana mai cike da UV, ma'anarsa ita ce yadin ya zama fitila mai launin kanta. Kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gyaran bai yiwu ba ko da na gano dalilin. Da a ce hasken yadin ne kaɗai a wurin, da na ɗumama hoton gaba ɗaya an wuce wurin. Amma gefen kayan yana samun haske ne daga bangon benen mai launin ƙasa, saboda haka sama shuɗi, gefe ja-ja. Idan na gyara sama sai gefe ya koma ruwan lemo, idan na gyara gefe sai sama ya ƙara shuɗi. Da baƙaƙen abayoyi ban lura ba, domin baƙi yana haɗiye irin wannan aibin.

Na tuntuɓi wanda ya sayar mini, na aika masa hoton yadin a ƙarƙashin fitilar mai canji. Amsar da ya ba ni ita ce fari na nema kuma fari ya ba ni, sannan tunda an yanka an ɗinka babu maganar mayarwa. Maganar mayarwar ban ja da shi ba, domin haka ƙa'idar kasuwa take. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rubuta a talla cewa an yi abu domin masu ɗaukar hoto, alhali ba a gwada abu na farko da mai hoto yake bukata ba, wato kada yadin ya canza launin haske.

Daga nan na shiga gwaje-gwaje. Takardar kwafar zane ta ba da haske mai kyau, amma danshin da ke tasowa daga Bahar Maliya ya sa ta yamutse cikin kwana biyu, iska kuma ta ƙarasa ta. Akoko, da yake ba a wanke shi da sinadarin farantawa ba, bai yi walƙiya a ƙarƙashin fitilar ba, sai dai yana da kauri, yana cin haske da yawa, kuma yana ba da ɗan ja-ja, wanda a wurina ya fi sauƙin sha'ani tunda ya yi kusa da launin bangon. Wani abokin sana'a ya ara mini ledar Lee 216, wadda ake yi musamman domin wannan aiki, na ga launi ya fito daidai ba ragi ba ƙari. Faɗin naɗinta mita 1.22 ne, don haka sai an rage firam kafin ta hau. Abin da ya ba ni mamaki shi ne labulen wanka na roba mai hazo-hazo, marar zane, wanda na saya da kuɗin da bai kai na abincin rana ba. Na haska shi da fitilar bai amsa ba, na ɗauki katin toka a ƙarƙashinsa na ga bambancin ɗan kaɗan ne, kuma yana ɓoye ƙwayar rana sosai, ba ya barin ta leƙo ta haifar da inuwa biyu kamar yadda siraran yadudduka suke yi. Ba na cewa kowane labulen wanka haka yake, domin na biyu da na gwada ya ja zuwa kore. Na kuma gane cewa yawancin garin sabulun wanki yana ɗauke da irin wannan sinadarin, saboda haka ko yadi mai kyau ne, wanki ɗaya yana iya ɓata shi.

A cikin azumi, da aiki ya koma dare, na sake ba yadin nailan ɗin dama da fitilun LED, kuma dole in faɗi gaskiya, ya yi aiki. Fararen fitilun LED ba sa fitar da UV sai ɗan abin da ba a rasa ba, don haka sinadarin bai sami abin da zai tsotsa ba, launi ya zauna kusan daidai, musamman da na ja fitilar baya har haskenta ya cika faɗin yadin. A lokacin har na fara cewa a raina wataƙila na tsananta masa, cewa yadin cikin ɗaki ne na kai shi rana. Da a wannan makon na rubuta sharhin nan, da na ce a saya a kiyaye kawai.

Sai aka kawo mini kwalaben turare da awarwaron gwal. Duk abu mai sheƙi madubi ne, siffar abin da ya haska shi yake nunawa, kuma a jikin kowace kwalba sai ga gidajen darar nan sun fito ɓaro-ɓaro kamar an ɗora mata raga. Saƙar da na yaba a makon farko ita ce ta sa na kwana ina goge layuka ɗaya bayan ɗaya a hoton kwalba ashirin da huɗu, ga sahur yana matsowa. Ina cikin wannan aikin maganar Hajiya ta dawo mini sabuwa, na tuna cewa ni da ita muka raba kuɗin kagon da aka sake aika wani leshin da shi, na tuna kwanakin da na yi ina jin nauyin ɗaga wayarta. Ga kuma ƙarar da yadin yake yi idan iskar yamma ta taso daga teku, kamar ana murza leda, wadda ta lalata mini sautin gajeren bidiyon talla har sau biyu. Yadin da ba zai yi rana ba, ba zai yi kayan sheƙi ba, ba zai yi bidiyo a waje ba, ban ga abin da ya rage masa a aikina ba in ban da baƙar abaya da dare.

Ba zan sake sayensa ba, kuma ba na ba wanda yake ɗaukar fararen kaya ko masu haske shawarar ya saya. Yanzu labulen wankan ne a kan firam ɗin da rana, na kuma yanke ƙaramin firam na biyu don ledar Lee saboda turare da gwal. Na sayi tawa ƙaramar fitilar UV, tana cikin aljihuna duk ranar da zan shiga Bab Sharif neman yadi, kuma katin toka ne abu na farko da nake ɗauka kafin kowane kaya. Hajiya ta dawo da sabon kaya bayan Salla, amma yanzu sai ta zauna a gefena ta kara leshin da gilashin kwamfuta da hannunta kafin ta yarda in tura, matar Kano kuwa ba ta sake sayen komai a wurinta ba.