Masu kwasar toroso na Hawiyya: takinsu ya yi, gyaran gashinsu kuwa a bar wa sayis

'Yan'uwa masu aikin barga da ke ta tambayata a kan mutanen nan masu zagaya gidajen dawaki na Hawiyya, kusa da Ɗa'ifa a Saudiyya, da dayna, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, ga amsata tun daga farko: ku ɗauke su don kwasar toroso da kawo shimfiɗa, amma kada ku bari maigida ya ƙara ko riyal ɗaya a kan abin da suke kira gyaran jikin doki. Da su muka yi hunturun bana har zuwa ƙarshen zubar gashi, a bargar da nake aikin sayis, wato mai kula da dawaki, mai dawakai bakwai.

Mai sana'ar dattijo ne, Bahaushen Sudan daga wajen Mai Wurno a jihar Sinnar, kowa Kawu yake ce masa. Yaransa huɗu ko biyar, dayna biyu, da wani fili can bayan gari inda yake dafa takin. Sharaɗin mai sauƙi ne. Suna ajiye maka babban akwatin ƙarfe a bayan barga, sau biyu a mako su zo su juye shi, su sauke maka nushara, wato dusar katakon da muke shimfiɗawa. In kana son taki daga baya sai ka karɓi rabonka, in ba ka so a rage maka kuɗi. Abin da muke biya a wata bai kai kuɗin barsim, wato ciyawar alfalfa, na dawakai biyu ba.

Wanda bai taɓa riƙe shebur a barga ba zai ɗauka kuɗin banza ne. To ga lissafi. Doki mai nauyin kilo 450 zuwa 500 yana fitar da sama da kilo 20 na kashi da fitsari kowace rana. Dawakai bakwai, kilo 150 ke nan kafin gari ya sake wayewa, fiye da tan huɗu a wata, ba a ma sa jiƙaƙƙiyar shimfiɗa a ciki ba. Kuma da sanyi abin ya fi yawa a ɗaki. Ɗa'ifa tana kan tudu sama da mita 1,800, daga shigar Murabba'aniyya a farkon Disamba, wato kwana arba'in na tsananin sanyi, dare yana cizo, hazo na saukowa daga duwatsun Hada da Shafa. Dawakan sukuwa sun tafi Riyad tun kaka, can filin Janadriyya ake kakar gasa, har da Kofin Saudiyya na watan Fabrairu, sai bazara su dawo filin Sarki Khalid na nan Hawiyya. Mu da aka bari da goɗiyoyi masu ciki da dukushi da tsofaffi, dabbobinmu suna shiga ɗaki tun magariba, ba sa fita sai rana ta ɗaga. Duk abin da da can yake zuba a fili, yanzu a kan shimfiɗa yake zuba.

A da tarawa ake yi bayan katanga. Wasu su cinna wuta ya yi ta hayaƙi kwana da kwanaki, wasu su faki ido su zubar a kwari, abin da baladiyya, wato hukumar gari, ba ta ɗauka da wasa. Da zafi ya fara kuma ƙuda ya ƙyanƙyashe a cikin tarin, sai ka ga idon kowane doki yana zubar ruwa. Bana ƙudan Maris bai kai rabin na bara ba a idona, kuma ban canza komai ba sai wannan akwatin.

Zuwansa na farko Kawu ya tsaya a bakin ɗakin wata goɗiya, ya ja numfashi, ya dube ni. "Ɗana, wa ya ce ka toshe tagogin nan?" Na ce umarnin maigida ne, saboda ɗari. Ya ce, "Ka faɗa masa sanyin Ɗa'ifa ba ya kayar da doki mai gashi. Warin fitsarin nan da ke sa idona hawaye, shi dokin a cikinsa yake kwana, hancinsa a ƙasa." Gaskiya ya faɗa. Iskar amoniya da ƙurar ciyawa a rufaffen ɗaki su ne ke sa doki tari da hunturu. Aka buɗe tagogin sama, aka bar na ƙasa a rufe don kada iska ta daki dabba kai tsaye.

Abin da ya sa na yarda da mutumin nan shi ne filin nasa. Na bi daynar na je na gani da idona, don da yawa masu cewa suna yin taki shanya kashi kawai suke yi a rana su zuba a buhu. Shi dogayen layuka ya ja, kowanne tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, don tarin da bai kai mita ɗaya ba ba ya riƙe zafi. Yana da ma'aunin zafi mai dogon tsinke da yake sokawa har ciki. A gabana ya soka, allura ta haura 60, alhali mu muna cikin rigunan sanyi. Abin da ake nema shi ne cikin tarin ya zauna tsakanin digiri 55 da 65 na wasu kwanaki, sannan a juya shi da ƙaramar katafila, na waje ya koma ciki shi ma ya dahu. Wannan zafin ne ke kashe ƙwan tsutsar ciki da irin ciyawa da tsutsar ƙuda. Mu masu dukushi mun san illar doguwar farar tsutsar nan, wadda ƙwanta ke iya shekaru a cikin ƙasa yana jira. Mai watsa ɗanyen toroso a filin kiwo da sunan taki, tsutsar da ya sayi magani ya fitar ita yake mayar wa dawakinsa.

Babban kuɗin da Kawu ke kashewa a ruwa ne. Iskar ƙasar nan tana shanye tari cikin 'yan kwanaki, kuma busasshen tari ba ya ruɓewa, sai ya shekara yana nan yadda aka zuba shi. Tanka yake saya ya jiƙa layukan duk lokacin juyi, ya rufe da tsohon tamfol. Gwajinsa hannu ne: ya damƙi takin, in ya dunƙule ya ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu, ya yi. In ruwa ya tsiyaya ta tsakanin yatsu ya yi yawa, zai yi ɗoyi. Bayan wata uku zuwa huɗu tarin ya zabge kusan rabi, ya yi baƙi, ya yi laushi, ƙamshinsa kamar ƙasa ranar ruwan fari.

Akwai wani abu da ban taɓa ganin mai taki ya kula da shi ba sai shi. Yana raba kashin bargar da ke shimfiɗa nushara da na masu shimfiɗa tibin, wato karan alkama. Katako yana da taurin ruɓewa, kuma yayin da yake ruɓewa yana cinye naitirojin, sinadarin nan da manomi ke sayen yuriya dominsa. In aka zuba takin nushara da bai gama dahuwa ba a gona, sai shuka ta yi rawaya, manomi ya ce takin doki ba shi da kyau. Don haka layukan nushara yana haɗa musu kashin kaji ko na tumaki, yana kuma ba su ƙarin lokaci. Sannan a gefen rumfarsa akwai gwangwanaye jere da wake a ciki. Tun da aka hana noman ɗanyar ciyawa a manyan gonakin yankuna da yawa na ƙasar nan a 2018 saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa, mafi yawan abin da dawakinmu ke ci daga waje yake zuwa, ba ka san da me aka fesa gonar ba. Akwai maganin kashe ciyawa da ke ratsa cikin doki ya fito da ƙarfinsa, zafin tari ma bai cika karya shi ba. Wake ba ya jure masa, ganyensa nan da nan yake nannaɗewa. Kowane layi sai waken ya fito lafiya kafin ya sayar. Rabonmu da na karɓa na zuba wa rumman da inabin maigida, sauran na ba wani abokina mai tumatir a tukwane, babu wanda ya yi ƙorafi.

Ba zan ɓoye aibinsu ba. Ranar da aka yi hazo ko ruwa, kada ka jira su, kuma babu mai kiranka ya ba ka haƙuri. Sun taɓa kawo nushara mai danshi tana warin fumfuna, na ƙi karɓa. An canza ba gardama, amma sai da na yi kwanaki ina lallaɓa tsohuwar shimfiɗa. Rasit babu, komai saƙon murya ne a WhatsApp, ni kuwa maigidana mutum ne mai son takarda, duk ƙarshen wata sai na zauna na rubuta lissafin da hannuna. Mafi muhimmanci, kada ka bar yaransa su share maka ɗakuna. Wanda ke sayar maka da shimfiɗa ba zai tsaya tankaɗe mai kyau daga maras kyau ba, tas suke kwashewa. Ka yi sharar da kanka da cokalin barga mai yatsu, ka zubar da jiƙaƙƙen wuri da toroso kaɗai. Nusharar za ta daɗe, takin ma ya fi kyau.

Sai maganar gashi, inda muka rabu da su. Daga tsakiyar Fabrairu yaran suka fara tallan ƙarin aiki: sau ɗaya a mako su zo da ƙarfen sharce gashi, su yi wa doki wanka, wanda yake so a yi masa aski da inji, ga kuma wani gari a leda wai yana gaggauta zubar gashi. Maigida ya ce a gwada a kan dawakai uku.

Doki ba zafi ne ke sa shi zubar da gashin sanyi ba, tsawon yini ne. Daga 21 ko 22 ga Disamba rana ke fara ƙaruwa, idon doki ya kai saƙon ga ƙwaƙwalwa, bayan wata ɗaya zuwa biyu gashin ya fara saki, ko da ana cikin tsananin sanyi. A nan yini yana tashi daga kusan awa 11 zuwa kusan awa 13 da rabi, tazarar da ta fi ta Kano ko Katsina, shi ya sa wanda ya saba da dawakan gida yake mamakin yadda na nan ke yin buzu-buzu. Masu son doki ya yi sumul da wuri fitila suke kunna masa a ɗaki har hasken yininsa ya cika awa 16, kuma tun watanni biyu kafin lokacin suke farawa. Garin leda ba shi da aiki a wannan lissafi. Abinci mai kyau, motsa jiki har ya yi gumi, birgima a yashi, da hannun sayis, su ne ke taimakawa.

Hannun kuwa kullum ake so, ko na minti 15 ne. Gashin da ya saki yau ba zai jira Alhamis ba, ƙaiƙayi zai sa dokin ya yi ta goga jiki a katanga har ya ji ciwo. Yaran kuma da yake a kan kai ake biyansu, sauri suke yi. Ƙarfen nan mai haƙora na wurin tsoka ne, wuya da kafaɗa da gadon baya da cinya. Na gan su suna jansa a kan ƙashin ƙugu da ƙwauri, har wata goɗiyata mai sanyin hali ta fara kwantar da kunne in ta hango mutum da abu a hannu. Magogin roba da buroshi sun ishi ƙafa da fuska. Wanda aka yi wa aski kuma, ba a yi mako ba sanyin ƙarshen Fabrairu da Larabawa ke kira Bardul Ajuz ya dawo, dole muka saya masa rigar sanyi, a wurinsu. Doki mai lafiya da ba a aske ba bai buƙaci riga a nan. Ka ƙara masa ciyawa da dare, don narkewarta a hanji ita ce ke ɗumama shi, ka sirka masa ruwan asuba ya rage sanyi, ka ajiye gishiri ko kanwa kusa. Sau da yawa ciwon cikin hunturu daga rashin shan ruwa ne a kan busasshiyar ciyawa.

Sannan a wurin sharce ne sayis ke sanin jikin dabbarsa. Dogon gashi yana ɓoye rama, yana ɓoye kaska da ƙuraje, sai yatsa ya bi haƙarƙari ake ganewa. Muna da wani tsohon kili da ya haura shekara 20. Kowa ya yi sumul, shi har Mayu yana nan da dogon gashi mai lanƙwasa, yana yawan shan ruwa. Yaran suka ce a aske shi kawai a huta. Na kira likitan dabbobi ya ɗebi jini, ya tabbatar da ciwon nan na tsofaffin dawakai da ke kama wata 'yar tsoka a gindin ƙwaƙwalwa, wanda in aka yi sake yake sauka a kofato. Yanzu yana kan magani. Da na faɗa wa Kawu, bai kare yaransa ba. Cewa ya yi, "Ni taki na sani, ɗana. Wancan aikin su suka ƙirƙiro don na kashewa."

Gashin da ka sharce kada ka ƙone shi, zuba shi a akwatin, yana ruɓewa a tari ko da yake a hankali. Mai doki ɗaya ko biyu da ɗan fili da famfo kusa ba ya buƙatar dayna, ya ja tarinsa nesa da rijiya ya riƙa jiƙawa yana juyawa. Daga huɗu zuwa sama aikin ya fi ƙarfin sayis ɗaya. In kuma rabon takin kake so, ka yi magana tun Nuwamba, domin da tsakiyar sanyi masu gonakin fure na Hada da Shafa ke yi wa itatuwansu aski su zuba taki kafin tsinkar Maris da Afrilu, kuma da motocinsu suke zuwa su kwashe layi guda a yini.