Wata uku a caji ofis na 12: abin da na gani a akwatin faifan Barney Miller

Ƙanena ne ya taho mini da shi daga Amurka, bayan na dame shi da waya kusan shekara guda. Akwati ne mai faifan DVD 25, an fitar da shi a 2011, kuma yana ɗauke da Barney Miller, shirin barkwanci na 'yan sanda, tun daga farko har ƙarshe, zango takwas, yadda gidan talbijin na ABC ya nuna shi daga Janairun 1975 zuwa Mayun 1982. Rabona da shirin tun ina ɗalibi a can, lokacin da ake maimaita shi da daddare ni kuma ina fama da sanyi da kewar tuwo. Yanzu wata uku ke nan ina kallo, kashi biyu ko uku bayan sallar isha'i.

Bari in fara da abin da zai iya ɓata wa mai saye rai. Faifan na yankin Amurka ne, ba kowace na'ura ke karɓarsu ba. Tawa ta ƙi, sai da na nemo wadda ba ta zaɓe. Hoton ma na zamaninsa ne. A kaset ɗin bidiyo aka ɗauki shirin, saboda haka a babbar talbijin ta yanzu gefe da gefe baƙi ne, launin kuma ya ɗan koɗe. Ɗana da ya leƙo daren farko cewa ya yi, "Baba, wannan ai kamar an wanke shi da omo." Ban musa masa ba.

Sai dai koɗewar ta dace da wurin. Kusan duk shirin a ɗaki ɗaya yake: ofishin 'yan sandan farin kaya na caji ofis na 12, wanda aka ƙirƙira a unguwar Greenwich Village ta birnin New York. Bango ya yi dauɗa, tebura sun tsufa, ga allon da ake rataya sunan wanda ke bakin aiki, ga ɗan kejin tsare mutane a gefe, abin da mu za mu ce bayan kanta. Ba tseren mota, harbi kuwa sai dai a ba ka labarinsa. Aikin da za ka fi gani shi ne cika takarda a kan tafireta. Dalilin ke nan da 'yan sandan gaske na Amurka suka daɗe suna cewa wannan wasan barkwancin ya fi shirye-shiryen harbe-harbe kama da aikinsu.

Hal Linden ne Kyaftin Miller, mutum mai haƙurin da ya kusa zama ciwo. Amma ba don shi na sayi akwatin ba. Don Fish na saya, tsohon ɗan sandan da Abe Vigoda ya fito a matsayinsa, mai doguwar fuska kamar wanda aka yi wa rasuwa, kullum yana hanyar banɗaki ko yana amsa wayar matarsa Bernice da muryar wanda ya sallama wa duniya. Mutumin nan bai cika buɗe baki ba. Ya ɗaga ido kawai ya dubi mai magana, ka ji dariya ta kuɓuce maka. Abin mamaki, shi Vigoda aka yi ta ɗauka ya mutu, har wata mujalla ta kira shi marigayi a 1982, amma sai da ya kai 2016, yana da shekara 94. Ya bar shirin a 1977 bayan an buɗe masa nasa mai suna Fish, kuma an haɗo zangon farko na wannan a cikin akwatin. Na kalli kaɗan na ajiye. Fish a gida cikin yara bai kai Fish a ofis ba.

Sauran kowa da halinsa. Wojo na Max Gail, ƙarfi da zuciyar kirki, tunani sai a hankali. Harris na Ron Glass, ɗan gayu mai tsadaddun kwat, hankalinsa na kan littafin da yake rubutawa fiye da ɓarayi. Dietrich na Steve Landesberg, wanda ba a taɓa tambayarsa abin da bai sani ba, ko ba a tambaye shi ba ma zai faɗa. Sai Sufeto Luger, tsohon da ke faɗowa ofis ba sallama ya cika su da labarin abokan aikinsa da suka mutu. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san irin wannan dattijon.

Abin da ban lura da shi ba sai da na kalli shirin a jere shi ne mutanen da ake kamowa da masu kawo ƙara. A nan daɗin yake. Kowane kashi za a shigo da mutum biyu ko uku, a ba kowa 'yan mintuna, a cikinsu ya gina mutum sukutum da tarihinsa da ciwon da ke ransa. Kuma fuskokin suna dawowa. Wanda ka gani ɓarawo a faifai na uku, sai ga shi mai kanti a na goma, da wani suna daban, ba wanda ya damu. Da ana nuna shirin mako-mako ba ka ganewa. Yanzu kuwa ni da maiɗakina har musu muke yi a kan inda muka taɓa ganin wane. Landesberg kansa ya fara shigowa ne a matsayin limamin coci na bogi da aka kamo, kafin a ba shi tebur. Ron Carey ma mai laifi ya fara fitowa, daga baya ya zama Levitt, gajeren ɗan sandan nan mai kaki da ke ta fadanci don a mai da shi farin kaya. Wanda ya fi tsaya mini shi ne Kenneth Tigar, da ya fito a mutumin da ya yi imani zai rikiɗe ya zama kerkeci idan wata ya cika. A wurinmu kura za a ce. Kana dariya yana kuka a keji, can kuma tausayinsa ya kama ka, don shi a wurinsa ba wasa ba ne.

Ba duka ne ya tsufa da kyau ba. Wasu barkwancin a kan mata da baƙi sun yi tsami, wasu kuma sai wanda ya san halin da New York ta shiga na karayar kuɗi a 1975 zai gane su. Zangon farko ma yana ɗan tangal-tangal, lokacin da ake raba labari tsakanin ofis da gidan Kyaftin, kafin su gane cewa ofis ɗin ya wadatar. Iyaye kuma su sani akwai zancen manya jefi-jefi, har da shahararren kashin nan da suka ci kek ɗin da aka cuɗa da kayan maye ba su sani ba.

A wannan kashin Jack Soo ya fi kowa. Shi ne Saje Yemana, mai dafa kofin da ba ya shawuwa, mai bin sakamakon sukuwar dawaki a jarida. Sunansa na ainihi Goro Suzuki, kuma yana cikin Amurkawa 'yan asalin Japan da gwamnati ta tsare a sansani lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shi a Topaz ta jihar Utah aka ajiye shi. Ciwon daji ya kashe shi a Janairun 1979, ana tsakiyar zango na biyar. Abokan aikinsa suka yi masa kashi na musamman: suka tsaya a ofis ɗin da sunayensu na gaskiya, kowa ya faɗi abin da ya sani game da shi, a ƙarshe suka ɗaga kofunan shan kofi. Daren da na kai nan ban ƙara wani kashi ba.

Faifai biyu suka rage mini, kuma ina jan ƙafa. Na san yadda za a ƙare: za a gano ginin yana da alaƙa da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt, a sayar da shi, a rarraba su, Miller ya kashe fitila ya fita. Ɗan nawa mai zancen omo kuwa, jiya na tarar da shi yana binciken akwatin, wai a wane faifai ne mutumin nan mai zama kura yake.