Ƙidayar malala ko gwajin ruwan kogi: sa ido bayan gyaran magudanai a Amurka

A tsofaffin biranen Amurka da dama, bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da ƙazantar gidaje, idan aka tafka ruwa sai ya cika ya malala cikin kogi. Tsarin da hukumar kare muhalli ta EPA ta fitar a 1994 ya ba birane hanyoyi biyu na nuna cewa gyaransu ya biya buƙata.

Ta farko ƙidaya ce: kada malalar ta wuce sau huɗu a shekara bisa matsakaici, ko kuma a tare kashi 85 cikin ɗari na gaurayayyen ruwan da ke bin bututun lokacin ruwan sama a kai shi wurin tacewa. Na'urar da ke bakin bututu ita ke rubuta lokacin da ruwa ya haura shingen da ke tare shi a cikin bututun da daɗewar zubarsa.

Ta biyu ta fi wahala da tsada, domin sai ma'aikaci ya je bakin kogi bayan ɗaukewar ruwa, ya ɗebo a kwalba, a ƙirga ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, ga shi dattin gonaki da tituna kan rikita sakamakon. Duk da haka hankalina ya fi kwanciya da ita, saboda ita ke nuna ko yaro zai iya wanka a kogin lafiya. Ko birnin da ya zaɓi ƙidaya ma, tsarin bai ɗauke masa wannan gwaji ba bayan kammala gini.